Yadda ake shirya fastar bincike don gasar ɗaliban injiniyancin tsare-tsare a Saudiyya

Alƙalin gasar fasta a tsaye yake aikinsa. Takardar ba da maki na hannunsa, ga sauran fastoci jere suna jiransa, kuma lokacin da zai ba ka bai cika wuce minti biyar ba. Cikin wannan ɗan lokacin yake so ya gane abu uku: wace matsala ka ɗauko, me ka gano, kuma da wace hujja zai yarda da kai. Duk shirin da za ka yi, daga zaɓen kai zuwa shagon bugawa, don waɗannan mintocin ne.

Da ƙannenmu nake, maza da mata, masu karatun injiniyancin tsare-tsare ko na masana'antu a nan Saudiyya: 'yan Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adanai (KFUPM) a Zahran, 'yan Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, 'yan Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da na Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha (KAUST) da aikinsu ya shafi sarrafa na'urori ko makamashi. Yaranmu ba su da matsala da lissafi, wannan kowa ya shaida. Inda ake barin su a baya shi ne wajen fitar da aikin shekara guda a kan takarda ɗaya.

Fara da takardar ƙa'idoji, sannan ofishin malaminka

Gasar na iya zama ta cikin gida, irin ranar baje kolin ayyukan 'yan ajin ƙarshe da kwalejojin injiniya ke yi a ƙarshen zango. Tana iya zama ta babban taro, kamar na INCOSE, ƙungiyar injiniyoyin tsare-tsare ta duniya da aka kafa a 1990, ko na IISE, ƙungiyar injiniyoyin masana'antu da tsare-tsare, da aka fi yi a Amurka, ko abin da rassan ɗalibai na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ke shiryawa. KAUST ma ta sha haɗa gasar fasta da shirinta na hunturu da take yi a watan Janairu. Kowace da tata ƙa'ida, don haka kada ka ari ta bara ko ta abokinka.

Abin da za ka nema a takardar: girman fastar, a tsaye ne ko a kwance, ranar rufe karɓar tsakure (taƙaitaccen bayanin aikin), ko akwai samfurin da aka wajabta mai tambarin jami'a, rukunin da za ka shiga (digirin farko ba ya karawa da na uku), da yadda aka raba maki. Na ƙarshen nan ya fi komai. Idan kashi mafi tsoka na bayanin baki ne, ka san inda za ka zuba ƙarfinka. Ka duba kuma abin da suka ce game da amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu ko zane, tunda yanzu tarurruka da yawa suna da magana a kai.

Kafin ka tura ko da layi ɗaya, je wurin malamin da ke duba aikinka. Ka ce masa, “Dakta, ina so in shiga gasa kaza da wannan ɓangaren aikin, akwai abin da bai kamata ya fita ba?” Wannan tambayar tana da nauyi a ƙasar nan. Ayyuka da yawa, musamman a Lardin Gabas, da bayanan kamfanoni ake yin su, kuma akan sa hannu a yarjejeniyar sirri wadda ƙila kai ba ka taɓa gani ba. Idan kuma akwai niyyar yi wa aikin rajistar mallakar fasaha, rataye shi a zauren taro daidai yake da bayyana shi ga duniya, kuma hakan na iya lalata rajistar a ƙasashe da dama. In da bayanan mutane ka yi aiki, majinyata ko fasinjoji ko ma'aikata, ka tuna dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun 2023. Sai ka tabbata kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma babu suna ko lambar kowa a jikin takardar. Duk wanda sunansa zai hau fastar ya gan ta kafin a buga.

Jimla ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Ɗauki biro ka rubuta abin da ka gano cikin jimla guda mai lamba a ciki. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba ka shirya yin fasta ba tukuna.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce aikinka kan layin karɓar magani ne a wani asibiti mai taga ɗaya. Mutum 18 ke zuwa a awa, mai ba da magani kuma yana sallamar mutum 20 a awa, wato minti uku kowane mutum. Da ido sai ka ce ai babu matsala, tunda yana sallamar fiye da masu zuwa. Amma lissafin layi mafi sauƙi, wanda ake kira M/M/1, ya nuna tagar na cike da aiki kashi 90 cikin ɗari na lokaci, kuma a matsakaici mutum 9 ne a wurin. Ka'idar Little, wadda John Little ya tabbatar a 1961, ta ce ka raba 9 da 18, sai ka samu rabin awa. Kowane majinyaci minti 30 yake ɓatawa. To, a ce an shirya magungunan da aka fi nema tun kafin a buɗe, lokacin sallama ya sauko daga minti uku zuwa biyu da rabi. Yanzu mutum 24 ake sallama a awa, mutum 3 ne a wurin a matsakaici, zaman kuma ya koma minti 10.

Yawancin ɗalibai za su sa wa wannan aikin kai irin “Nazarin tsarin layi a sashen magunguna ta hanyar kwaikwayon kwamfuta”. Gaskiya ne, amma bai faɗi komai ba, kuma fastoci biyar a zauren za su iya ɗaukar wannan sunan. Kai kuwa rubuta: “Rage rabin minti a taga ya sauko da zaman majinyaci daga minti 30 zuwa 10”. Da Turanci za ka rubuta, tunda da shi ake koyar da injiniyanci a nan, amma ginin jimlar ke nan: abin da aka taɓa, abin da ya canza, da nawa. Wanda ya hango ta daga nesa ya riga ya samu sakamakonka, kuma zai matso ne don ya ga ko da gaske ne.

Da ka samu jimlar, ta zama ma'auni. Duk jadawali, duk lissafi, duk sakin layin da ba ya taimaka mata ta tsaya, ya koma cikin kundin bincikenka. Zai yi ciwo, musamman babin bitar ayyukan magabata da ka yi wata da watanni a kansa. Layi biyu ya ishe shi a fasta.

Zana iyakar tsarin

Wannan shi ya raba fastarmu da ta ɗan lantarki ko ɗan kimiyyar sinadarai. Alƙalin da ya fito daga fanninmu, abin da idonsa zai fara nema shi ne zanen da ke nuna me ke cikin tsarin, me ke wajensa, da abin da ke shiga da fita tsakaninsu. Bayan haka sai masu ruwa da tsaki, da buƙatun da tsarin zai cika.

Dubi jirgin ƙasan Masha'ir da ya fara aiki a 2010 tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa. Tsawonsa kusan kilomita 18 ne, tashoshinsa tara, kuma an tsara shi ya kwashi mutum 72,000 a awa. Injiniyan jirgi zai tsaya kan taragu da dogo. Injiniyan tsare-tsare kuwa dole ya yanke shawara: jadawalin fito da alhazai rukuni-rukuni daga tantuna yana cikin tsarina ko a'a? Tafiyar ƙasa zuwa tasha fa? Filin jira a ƙofa? Idan ka bar su a waje, lambobinka za su yi kyau a takarda, amma duk wanda ya taɓa aikin Hajji ya san cewa sau da yawa wahalar tana faruwa ne kafin a kai ga ƙofar jirgin. Ba laifi ba ne ka taƙaita iyakarka. Laifin shi ne a tambaye ka inda take ka kasa nunawa da yatsa.

A misalinmu na asibiti, zana akwati ɗaya babba: layi, taga, ma'ajiyar magani. A waje ka sa likitan da ke rubuta takarda, kamfanin inshora, da mai kawo kaya. Kibiyoyi su nuna abin da ke ratsawa. Idan ka iya SysML, wato salon zana tsare-tsare da injiniyoyi ke amfani da shi, yi amfani da shi, amma ka zaɓi zane ɗaya mai sauƙi. Zanen nan mai siffar V, na matakan tsara aiki da gwada shi, da ke cikin kowane littafin fanninmu, kada ka manna shi haka kawai don a san ka yi ajin. Kowa a zauren ya san shi. Sai dai idan za ka yi masa alama ka nuna daidai inda aikinka ya tsaya.

A ƙarƙashin zanen rubuta buƙatu uku ko huɗu da za a iya aunawa. “Tsarin ya yi sauri” ba buƙata ba ce. “Kada matsakaicin zama ya wuce minti 15 a lokacin cunkoso” ita ce buƙata, domin a ƙarshen fastar za ka iya komowa ka ce an cika ko ba a cika ba.

Sannan ka nuna abin da aka biya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma alƙali ya san haka. Rabin mintin da ka rage daga ina ya fito? Ƙarin ma'aikaci ne da safe? Maganin da aka shirya ba a karɓa ba, ya ake yi da shi? Saurin bai ƙara haɗarin ba mutum maganin wani ba? Ɗan ƙaramin jadawali mai zaɓi uku, da kuɗinsu da amfaninsu da haɗarinsu, ya fi shafi guda na yabon hanyar da ka zaɓa. A ganina fastar da ba ta nuna an auna zaɓi fiye da ɗaya ba, ba ta fanninmu ba ce, ko da lissafinta ya kai ina.

Hujjar cewa samfurinka na kama da duniya

“Daga ina ka samo bayananka, kuma yaya ka san samfurin daidai ne?” Wannan tambayar ba ta da makawa, don haka ka ba ta wuri a jikin takardar. Tambayoyi biyu ne a dunƙule. Na farko, ka gina samfurin, wato kwaikwayon tsarin a kwamfuta, yadda ka tsara shi? Na biyu, abin da ka tsara ɗin ya yi daidai da abin da ke faruwa a fili?

Na farkon yana da sauƙin nunawa. Ko da wace manhajar kwaikwayo ka yi aiki, Arena ko AnyLogic ko Simio ko SimPy na Python, ba samfurin yanayi mai sauƙi wanda ka san amsarsa da hannu. In ka sa masa 18 da 20 ya ba ka abin da ke kusa da minti 30, ka rubuta hakan cikin layi ɗaya. Ka faɗi sau nawa ka maimaita gudanar da kwaikwayon, ka cire lokacin farko da layin ke fanko, kuma kowane sakamako ya zo da iyakarsa ta sama da ta ƙasa. Lamba tilo daga gudu ɗaya ba hujja ba ce.

Na biyun ne ke kayar da mutane. Lissafin M/M/1 ya ɗauka cewa mutane na zuwa ɗai-ɗai, ba tare da shiri ba, kuma yawansu bai canzawa daga safe zuwa dare. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san ba haka rayuwa take ba. Ana idar da sallah jama'a ke tahowa a dunƙule. Bayan Isha'i gari ke tashi. Azumi na kamawa komai ya juye zuwa dare. A wasu wuraren ma layin maza daban, na mata daban. Idan ka tattara bayananka da hantsin ranar Litinin a watan Sha'aban, ka faɗa, kuma ka faɗi cewa sakamakon bai shafi Ramadan ba. Sannan ka motsa lamba ɗaya ka nuna abin da zai faru: idan masu zuwa suka tashi daga 18 zuwa 22 a awa, ko da sabon tsarin zaman ya koma minti 30, da tsohon kuwa layin ba zai daina tsawo ba sam. Wannan zanen shi zai fi jan hankalin alƙali, domin ya nuna ka san inda maganinka ke daina aiki.

Shimfiɗa takardar

Yawanci A0 ake nema, milimita 841 da 1189. Tarurrukan Amurka sun fi son inci 36 da 48. PowerPoint na karɓar shafi har inci 56, don haka A0 na shiga ba sai ka rage ba. Saita girman tun kafin ka sa komai, don canza shi daga baya yana watsa duk abin da ka jera. Mai yawan lissafi zai fi jin daɗin manhajar tsara rubutu ta LaTeX, da kayan fastarta irin beamerposter ko tikzposter, kuma akwai samfurori a shafin Overleaf.

Ginshiƙi uku sun isa. Hagu: matsala, iyakar tsari, buƙatu. Tsakiya: babban zanen sakamako, ya ci wuri sosai, daidai tsayin ido. Dama: zaɓuɓɓuka, hujja, da abin da ya rage. Kai ya kasance da haruffa lamba 80 ko sama, kanun sassa kusan 40, jikin rubutu kada ya sauka ƙasa da 24. Rubutun jikin zane-zane ne ake mantawa: a ɗauko hoto daga manhajar lissafi ta MATLAB yadda yake, lambobin gefensa su fito ƙanana ba mai iya karantawa. Sake fitar da kowane zane musamman don fastar, da manyan haruffa, da ma'auni a kowane gefe, kuma ka adana shi a PDF ko SVG don kada ya dushe. Kan kowane zane ya faɗi abin da zanen ya nuna. Launi biyu ko uku a kan farin fili. Kada ka dogara da ja da kore wajen bambance layuka, akwai maza da yawa da idonsu ba ya raba su.

Ga gwajin da ba ya cin ko riyal biyu. Buga fastar a takardar A4. A0 ta ninka A4 sau huɗu a tsawo da faɗi, saboda haka riƙe A4 a tazarar rabin mita daidai yake da tsayawa mita biyu daga ainihin fastar. Abin da ka kasa karantawa a hannunka, alƙali ma ba zai karanta ba. Kai wa malaminka wannan takardar, ka kai wa wani abokin da bai san aikin ba.

A kusurwar ƙasa sa lambar QR da za ta kai mutum ga cikakken rahoto ko rubutun manhajar da ka yi, in an ba ka izini, da adireshin imel ɗinka na jami'a.

Bugawa

Kada ka bar shi sai daren ƙarshe. Makon aiki a nan Lahadi zuwa Alhamis ne, shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Juma'a sai bayan la'asar, kuma a ƙarshen zango kowa na layin injin guda. Duba ko jami'a na bugawa ɗalibai kafin ka nufi shagunan cikin gari. Kai PDF, kada ka kai fayil ɗin PowerPoint, don haruffa na canzawa a wata kwamfutar. Roƙi mai shagon ya fara buga maka ɗan yanki a ainihin girma, inda zane mafi cunkoso yake. Shuɗi mai haske a allon kwamfuta yakan fito da duhu a takarda, gara ka gani a yanki kafin a ɓata duka. Zaɓi takarda marar sheƙi, domin fitilun zaure na haska mai sheƙin har a kasa ganin rubutu. Idan jirgi za ka hau, ko ka sayi bututun ɗaukar fasta ka shiga da shi ciki, ko a buga maka a kan yadi ka ninke a jaka. In taron a wajen ƙasar ne, fara neman bizar fita da dawowa ta hannun jami'a tun ranar da aka karɓi tsakurenka, kuma ka duba kwanakin da suka rage wa iƙamarka, wato katin zamanka a ƙasar.

Bayanin baki

Shirya iri biyu: na rabin minti ga mai wucewa, da na minti uku ga alƙali. Na minti ukun ya bi yatsanka a kan takarda: matsala, iyaka, abin da na yi, abin da na samu, inda zai iya kasawa. Fara gwada shi da Hausa. Kira ɗan'uwanka da ke karatun Shari'a a Jami'ar Musulunci ta Madina ka yi masa bayani a waya. Idan ya ce “to, wato matsalar ba yawan mutane ba ce, tagar ce ba ta da sarari”, ka gane aikinka. Daga nan ka mayar da shi Turanci, ka rage gudu. Mu 'yan Najeriya da Nijar muna da saurin baki in mun ɗauki zafi, alƙalan kuma daga ƙasashe daban-daban suke, kowa da irin kunnensa.

Kada ka haddace. Alƙali zai katse ka a jimla ta uku, kuma mai hadda in an katse shi sai ya koma farko.

Idan aikin na rukuni ne, kowa ya iya amsa tambaya a kan kowane sashe. Alƙalai sun san dabarar tura mai baki gaba, kuma da gangan suke juyawa ga wanda ya yi shiru.

Ranar gasa

Je da wuri da fil da salatif naka. Tufafi masu tsabta sun wadatar, kaftani da hula ko kwat, sai in an ayyana wani abu. Tsaya a gefen fastar, kada ka tare ta da bayanka, kuma waya ta zauna a aljihu. 'Yan'uwa za su zo taya ka murna, a gaisa, amma kada hira ta yi daɗi har alƙali ya zo ya ga taro ya wuce. Ba duk alƙalai ke sa alama a ƙirji ba, don haka duk wanda ya tsaya ka ɗauke shi da muhimmanci. Tambayi masu shiryawa yadda aka tsara lokacin sallah, don kada a zo zagaye ba ka nan.

In an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce, “Farfesa, ban gwada wannan ba, amma bisa abin da zanen nan ya nuna ina sa ran kaza, kuma ga yadda zan gwada.” Kame-kame ne ke zubar da maki. Idan ya kawo gyara, rubuta a gabansa.

Bayan an tashi, nemi takardun makin daga masu shiryawa, wasu na bayarwa in an tambaya. Tambayoyin da aka yi maka ka rubuta su a daren kafin su gushe, ka kai wa malaminka a haɗuwarku ta gaba, domin yawancinsu za su sake fitowa ranar kare kundi. Wanda kuma ya ba ka katinsa, tura masa PDF ɗin fastar cikin kwana biyu, da layi ɗaya da zai tuna masa abin da kuka tattauna.